Shekarar da Na Ƙi Zuwa Jado

Ba don in wanke kaina nake wannan rubutu ba, don ban ga dauɗar da zan wanke ba. Amma ran sunan jikata ina zaune a zaure na ji ɗaya daga cikinku, ku ƴaƴana, yana gaya wa baƙi cewa Baba bai taɓa fita neman arziki ba, shi ya sa kuka tashi cikin babu. Da dariya ya faɗa, baƙin ma suka taya shi. Ba zan ambaci sunansa ba, ya san kansa. Maganar ta daɗe tana yawo a garin nan, amma tunda har ta shigo gidana ta bakin ɗana, gara ku ji yadda abin ya kasance daga wanda ya yi shi.

Ni Idi, a ƙauyen nan namu na yamma da Gangara aka haife ni, cikin Damargu. Kafin a haifi ko ɗayanku sau biyu na ƙetare sahara zuwa Libiya a bayan mota, ƙafafu na lilo a waje, ina rungume da sanda don kada barci ya jefar da ni. Da hannuna na taya binne abokin tafiya cikin rairayi. Saboda haka wanda ya ce tsoro ya zaunar da ni, ya je ya tambayi tsofaffin da muka yi tafiyar tare, akwai sauransu da rai.

Shekarar da nake ba ku labari, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ya fara fitar da kai. Muka yi roƙon ruwa har sau uku, hadari ya taso ya watse. Da aka yi girbi, rumbun da ke cika har baki ko rabi bai kai ba. Ana cikin haka labarin zinariyar Jado, can arewa cikin sahara, ya iso. Duk inda ka zauna, a masallaci ko a kasuwar Gangara, zancen ke nan: wane ya tafi da takalmi ɗaya ya dawo da mota. Wana, Yaya Sani, ya sayar da raƙuminsa, ya haɗa mazan garin, ya samo mai motar da zai kai su Agadas. Ni ma ina cikinsu. Na riga na sayi bido biyu, wato jarkokin ruwa, da sabon rawani, uwarku Dije ta fara daka mini garin tafiya. Saura kwana huɗu mu tashi.

Da hantsi na kora tumakina biyu zuwa rijiyar makiyaya, don in bar su hannun wani Buzu abokina kafin in dawo. Kun san rijiyar, mai zurfin nan da sai jaki ya ja igiya ya yi nisa kafin guga ta fito. Ina isowa na hango yaron da ke korar jakin, ƙura ta rufe shi har gira. Tafiyarsa na fara ganewa. Ɗana Hamisu ne, yana da shekara tara a lokacin, wanda da safen nan na ga ya fita da allonsa zai tafi lakwal, makarantar boko ta faransanci, tare da yayarsa Maryama.

Na ce, "Kai Hamisu, me kake yi nan? Yau ba lakwal?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Akwai."

"Yaushe rabonka da ita?"

"Tun bayan girbi."

Wata biyu ke nan. Kullum zai fita da safe, ya ɓoye allon ƙarƙashin wata aduwa, ya wuni a rijiya, ya koma gida tare da ƴan lakwal. Na ɗaga hannu zan mare shi, sai na ga bai ko kauce ba, yana jira kawai. Na sauke hannun na tambaye shi abin da ya hana shi faɗa mini.

Ya ce, "Ba ka tambaye ni ba, Baba. Ni ba na jin abin da mushe, malaminmu, ke faɗi. In ya tambaye ni na yi shiru sai a yi ta dariya. Nan kuwa in na kora jaki ana ba ni nono."

Na zauna a bakin kwamin shan dabbobi. Ni ma an taɓa sa ni lakwal. Shekarar da mahaifinmu ya tafi ci rani kudu ya yi shekara shida bai dawo ba, na daina zuwa, kuma har damina ta zagayo ba wanda ya lura. Ba mugunta aka yi mini ba, kowa na fama da abin da za a ci. Ga shi yanzu ina cikin gida, muna cin tuwo a akushi ɗaya da yaron nan, wata biyu ban san inda yake wuni ba. To in na tafi Jado fa?

Bayan azahar na tarar da Inna, mahaifiyarmu, a inuwar ɗakinta tana tsinkar zogale, Yaya Sani na gefe yana gyaran igiyar kaya, Dije na tankaɗe. Na durƙusa na ce na fasa tafiya. Yaya Sani ya yi zaton wasa nake. Da na ba su labarin rijiya, sai ya yar da igiyar.

Ya ce, "Saboda yaro ya gudu daga lakwal za ka zauna? Ka zane shi, gobe ya koma. Ko faransanci za su ci in rumbu ya ƙare?"

Na ce, "Yaya, in na zane shi zai koma kwana uku. Ran na huɗu ina Agadas."

Inna ba ta kiran sunan Yaya Sani, ɗan farinta ne. Ta ce, "Idi, wanka ya sayar da raƙuminsa har da kai cikin lissafinsa. Ubanku ya tafi ya bar ku, kun mutu ne?"

Na ce, "Ba mu mutu ba, Inna. Amma in aka kawo mini takarda daga asibiti, sai na bi gari ina neman mai karanta mini ciwon matata. Ba na so Hamisu ya yi wannan yawon."

Inna ta juya mini baya. Ni da Dije muka koma namu sashen. Ta ajiye rariya ta dube ni.

Ta ce, "Malam, ka san abin da ke cikin rumbun nan?"

Na ce na sani.

Ta ce, "To kai ka zaɓa, amma ni zan biya. Ina so ka san na sani tun yau."

Gaskiya ta faɗa, kuma za ku ji.

Ranar tafiya na raka su bakin mota, na ba Yaya Sani biduna biyu. Bai karɓa da hannunsa ba, sai da wani ya miƙa masa. Motar na ɗagawa garin ya zama na mata da yara da tsofaffi, sai ni da liman da wani makaho. Kafin sati ya cika an raɗa mini suna: Mai Gadin Mata. In na wuce ta wurin da ake sussuka sai a ɗaga murya, "A ba mai gadi hanya!" Yara ma suka ɗauka suna waƙa da shi. Na ji zafi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ban taɓa canza hanya don su ba.

Washegarin tafiyarsu na kama hannun Hamisu muka tafi lakwal. Da faɗa na je. Na tarar da mushe, wato malaminsu, saurayi ne ɗan Damagaram, shi kaɗai da aji uku a rumfar zana wadda iska ta kwashe rabinta. Yara na zaune a rana, wasu na gyangyaɗi tun hantsi bai yi ba. Kafin in buɗe baki ya ba ni kujerarsa.

Ya ce, "Malam Idi, wata uku ina garin nan. Kai ne uba na farko da ya tako nan ba don ya cire ɗansa ba."

Sai na fasa faɗan, na zauna. Na ce abu biyu nake so: a zaunar da yaron nan gaba, kuma kada a sake yi masa dariya. Ya amsa, ya ce shi ma abu biyu yake so daga gare ni. Kada yaro ya zo masa da ciki wayam, kuma kullum in sa shi ya maimaita mini abin da aka koya. Na ce ni ko harafi ɗaya na boko ban sani ba, balle faransanci.

Ya ce, "Ba sai ka sani ba. Sa shi ya gaya maka da Hausa. Inda ya kasa, ka turo mini shi da tambaya."

Satin nan na yanko kara da ciyawa na saƙa zana, na gyara musu rumfar, ba wanda ya sa ni. Daga nan kuma rayuwata ta koma kan layi ɗaya. Da asuba in fita daji da amalanke mai sa ɗaya, in yanko ciyawa da itace, ranar kasuwa in kai Gangara. Duk inda nake, kafin la'asar ina gida. In na idar da salla sai in shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, Maryama da Hamisu su zauna, kowa ya gaya mini abin da ya ji yau. Doka ɗaya na kafa: ba duka a kan tabarmar nan, ba kuma dariya. Wanda ya ce "ban gane ba" shi nake sa wa albarka, don ya faɗi gaskiya. Kwanakin farko Hamisu ba ya cewa komai, sai ya riƙa zane a ƙasa da tsinke. Sai na koma ina mai da kaina wawa. In Maryama ta yi bayani sai in juya shi baibai da gangan, in ce ashe bakwai da biyar goma sha uku ne. Ran nan ya kasa daurewa ya ce, "A'a Baba, ba haka ba ne!" Ya kwaso tsakuwa ya jera mini. Tun daga ranar bakinsa ya buɗe, don ya samu wanda ya fi shi rashin sani. Kuma ba duka ne wasa ba. A tabarmar nan na koyi haruffan da nake rubuta muku wannan da su, ina da furfura, ƴata na riƙe mini hannu.

Laminu, ɗan Yaya Sani, ya girmi Hamisu da shekara ɗaya. Da farko daga nesa yake tsayawa yana jifan kaji. Na ƙyale shi. Ran nan aka yi tambayar da ya san amsarta, ya faɗa daga inda yake, na ce ya matso ya maimaita don kunnena ba ya ji sosai. Ya zauna, bai sake tashi ba. Bayansa wasu suka biyo, har da ƴaƴan matan da suka raɗa mini suna. Tabarma ɗaya ta koma uku. Ban kori ɗan kowa ba, ban kuma je na yi wa uwar kowa gori ba.

Yanzu ga abin da aka biya. Rumbu ya ƙare tun bazara ba ta yi nisa ba. Ciyawa ta yi wuya, sai na yi tafiyar rabin wuni kafin in cika amalanke. Na sayar da tumakin, daga baya na sayar da san amalanken, na koma ɗauko ciyawa a ka. Muka koma cin anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwa kafin su ciwu. Uwarku ta kafa tata dokar: komai ƙanƙantar garin da ke gidan, da shi za a dama wa yara kunu kafin su tafi lakwal, mu manya mu jira maraice. Tana goyon autarmu a lokacin. Na ga ruwan nononta ya ragu, na ga zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Akuyoyinta uku suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, sannan kwanonin jerenta da uwarta ta tara mata. Ranar da ta sauke na ƙarshe daga bango ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi mini magana ba har kwana biyu. Inna kuwa duk bazarar nan ba ta kira sunana ba, in tana son abu sai ta aiko jika.

Abin da ya fi yunwa ciwo shi ne buhun masara. Yaya Sani ya samu zinariya, ya aiko wa Inna da iyalinsa kaya, har da buhu guda nawa. Direban da ya kawo kayan ya sauke shi a gaban masallaci, mutane na tsaye, ya ce an ba shi saƙo ya faɗa da baki.

Ya ce, "Sani ya ce a gaya wa Idi, ga abin da faransancin ƴaƴansa zai ci."

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka yi murmushi. Zuciyata ta ce in bar buhun nan inda yake har ya ruɓe. Na tuna fuskar uwarku. Na sunkuya na ɗauke shi a kaina na bi ta tsakiyar gari da shi. Ku rubuta wannan ma cikin lissafinku: masarar wana ta taya mu kai damina, ban taɓa musu ba. Da kowa ya zauna kamar ni, da garin ya watse. Amma da kowa ya tafi, da rumfar lakwal ta zama makwancin awaki, don mushe da kansa ya gaya mini an yi niyyar ɗauke shi saboda yara sun ragu, sai ga shi sun dawo.

Damina ta gaba ta yi kyau, muka numfasa. Inna ta fara jawo tabarmarta kusa da tamu da la'asar, wai inuwar can ta fi sanyi. Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba har ta rasu, amma ta koma kiran sunana.

Yaya Sani ya dawo bayan shekara uku da arzikinsa. Ya gina ɗakin siminti, ya sayi babur da shanu, kuma halalinsa ne, ya sha wuyarsa. Mutum uku cikin waɗanda suka tafi tare ba su dawo ba. Shekarar nan Hamisu da Laminu suka ci jarrabawar sartifika, aka ba su kolej a Tanut, inda Maryama ta riga su zuwa. Sai Yaya Sani ya ce zai koma, kuma da Laminu zai tafi, yaro ya kai ya riƙe masa injin neman zinariya. Na same shi bayan sallar Juma'a, a gaban mutane, don na san in a gida ne ba zai saurare ni ba.

Na ce, "Yaya, ɗanka ne, ba ni da iko da shi. Amma shekara uku ina jin abin da ke cikin kan yaron nan kullum, kai ba ka ji ba. Ka zauna da shi wuni ɗaya ka ji, sannan ka kai shi rami."

Ya ce, "Idi, a gaban jama'a za ka koya mini riƙon ɗana? Kai da na ciyar?"

Na ce, "Ka ciyar da ni, na gode. Ni kuma na tsare maka abin da ka bari. In ka tafi da shi, ka sani ban yarda ba, kuma duk wanda ya tambaye ni haka zan faɗa."

A garinmu ƙane ba ya yi wa wa haka. Liman ya riƙe hannuna, wani ya ce in ba da haƙuri. Na ce ba zan bayar ba. Yaya Sani ya shige gida. Ban san abin da suka yi da Laminu ba, shi ma bai taɓa faɗa mini ba. Na dai san ran da mota ta tashi yaron na tsaye a ƙasa, kuma wana ya yi shekara huɗu ba ya amsa gaisuwata. Mun shirya daga baya, amma ba mu koma kamar da ba. Wannan ma yana cikin abin da aka biya.

Yau Laminu na aikin jinya a wani ƙaramin asibiti can wajen Tarka. In Yaya Sani ya zauna cikin mutane yakan ce zinariyarsa ce ta yi karatun ɗansa. Shi ya saya masa littattafai da tufafi a Tanut, saboda haka ba na ƙaryata shi. Maryama na koyarwa a Balbeji. Ba dukanku kuka yi nisa ba, akwai wanda ya tsaya a kolej ya koma gona, kuma ban ga ya fi sauran ƙasƙanci ba, yana karanta takardarsa da kansa, ba mai cutarsa a awo. Ban bar muku shanu ba, ban bar muku ɗakin siminti ba. Ba na neman gafarar kowa kan wannan, sai ta mutum ɗaya, uwarku, kuma na nema, ta ce in daina ɓata mata lokaci.

Watan jiya Hamisu ya zo mini da labari, ya samu aikin gyaran injinan ruwa a Agadas, zai yi shekara biyu yana zuwa jefi-jefi. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗa, yana zaton zan hana shi. Ƴarsa ta fari bana aka sa ta lakwal.

Na ce, "Tafi, Allah ya ba da sa'a. Wa ka bar wa yarinyar?"

Ya ce, "Uwarta tana nan, Baba. Zan riƙa aiko musu duk abin da suke so."

Na ce, "Ban tambaye ka wa zai ciyar da ita ba."

Sai ya ce matarsa na fita tallar ƙuli-ƙuli da la'asar, ba ta dawowa sai magariba.

Na ce, "To a riƙa kawo mini ita. Gwiwoyina sun gama aiki, idona ɗaya ya tafi, amma kunnuwana lafiyarsu lau."

Jiya ta fara zuwa. Ta ce an koya musu harafi uku, ta manta biyu. Na ce ta gaya mini ɗayan.